Izinin da Sabuwa Ta Jira

Dayi,
9 ga Agusta, 1965.

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya zaman baƙunta a Kainji? Allah ya sa aikin tare ruwan nan yana zuwa muku da sauƙi. Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka. Yaya Bature da iyalinsa suna gaisuwa. Yarinyar nan taka kuwa, da ta ji ƙarar mota a bakin hanya sai ta ruga zaure, wai babanta ne ya dawo.

Bayan haka, ina roƙonka kada ka ba kowa wannan takarda ya karanta maka. Ka karanta da kanka, ko da za ka yini kana haɗa baƙaƙen. Kai ka koya mini rubutun nan, in ka ga kuskure ka san inda na gado shi.

Damina ta yi kyau, alhamdu lillahi. Dawarka ta gonar rafi ta fi mutum tsawo, audugar ma ta rufe ƙasa. Yaya Bature ya sa an yi mata maimai. Katangar bayan ɗakina ce ta zube da ruwan makon jiya, an kafa zana kafin rani.

To, akwai maganar da nake ta kewayawa. Lalurar nan da ka bar ni da ita tun zuwanka ƙaramar Sallah, ta yi nisa yanzu. Ba abin da zan ɓoye maka, wannan karon jikina ba irin na wancan ba ne. Ƙafafuna sun kumbura har takalmina ba ya shiga. Da farko da yamma ne kawai, in na kwana sai su saɓe. Yanzu da su nake kwana da su nake tashi. Inna ta ce zaƙi ne ya yi mini yawa, ta hana ni rake da zuma, ta jiƙa mini maɗaci ina sha safe da yamma. Wani lokaci kuma ta yi dariya ta ce namiji ne, su ne masu wahalar da uwa tun suna ciki. Tana kula da ni matuƙa, ko tulu ba ta bari in ɗaga.

Shekaranjiya Silifat ta shigo, matar Latif mai shagon koli na bakin kasuwa, wadda ke kawo mana zare da turare. Ka san ta, Bayarabiya ce amma a Funtuwa aka haife ta, bakinta ya fi nawa Hausa. Tana cikin baje kayanta sai ta tsaya tana kallon ƙafata. Ta sa babban yatsa ta danna mini ƙauri, ta ɗauke, wurin ya lotsa kamar an danna tuwo, ya ƙi tasowa. Sai na ga fara'arta ta ɗauke. Ta ce, “Sabuwa, kanki yana ciwo?” Na ce jefi-jefi. Ta ce in daure in je asibitin Malumfashi, akwai ranar da ake duba mata masu juna biyu, mace ce ma ke dubawa.

Na gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Yaya Bature. Ya aiko ta da cewa amana ka bar masa, ba zai fitar da matar ƙanensa zuwa inda maza ke yaye wa mata zane ba, sai in kai ka ce. Ban ga laifinsa ba. Shi ya sa na rubuto. In ka yarda, ka rubuto masa layi biyu kawai, in je a duba ni in dawo a yinin. In ba komai ba ne, hankalina ya kwanta.

Latif ne zai ba Jibo direba wannan takarda ya jefa a gidan waya na Malumfashi. Amsa ma ka aiko ta shagonsa.

Allah ya tsare mini kai, ya dawo da kai lafiya.

Ni ce taka,
Sabuwa.

Dayi,
1 ga Satumba, 1965.

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka. Mu nan da sauƙi. Inna da yarinya suna gaishe ka.

Takardarka ta iso, da atamfar da ka ba ɗan garinmu ya kawo. Na gode, Allah ya ƙara buɗi. Na rungume ta na shinshina ko zan ji ƙamshin hannunka. Amma da na karanta sai na gane takardunmu sun yi saɓani a hanya. Ba ka ambaci ƙafata ba, ba ka ambaci asibiti ba. Ka ce in yi haƙuri, in bi maganar Yaya a kan komai har ka dawo bayan kaka. Na san ba ka ga tawa ba lokacin da ka rubuta haka. Shi kuwa Yaya Bature da aka karanta masa, sai ya ce to magana ta ƙare, ga bakin mai mata nan.

Maigida, abin ya ƙaru. Kumburin ya hau hannuwana da fuskata. Ran nan na leƙa randa zan ɗebi ruwa, na ga wata mace mai ƙananan idanu tana kallona, sai da na daɗe kafin na yarda ni ce. Awarwaron da ka sa mini ran da na tare ya nutse cikin nama, sai da aka kira maƙeri ya yanke shi. Na yi kuka, ba don zafin ba. Na ƙulle gutsattsarin a gefen zane na adana.

Ciwon kan kuma ba jefi-jefi ba ne yanzu. A goshi yake zama, kamar an ɗaure mini kai da igiyar guga ana ja. In na miƙe tsaye sai in ga tartsatsi yana yawo a gabana, fari-fari, kamar na maƙera. Jiya ina tsince wake na rasa gane wake da tsakuwa. Akwai kuma wani ciwo nan ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, Inna ta ce ƙafar yaron ce ke tokare ni.

Kada ka ce ba a yi mini komai. Yaya Bature ya karɓo rubutu wurin Liman, ina sha. Ya kawo wanzami ya yi mini ƙaho a ƙafafu, ruwa ne ya fi fita ba jini ba, washegari suka koma yadda suke. Ya saya mini hanta ranar kasuwa. Mutumin kirki ne, tsoro ne ke gare shi. Tun da aka kai matar maƙwabcinsa asibiti bara aka dawo da gawarta, ya ɗauka duk wanda ya shiga can ba ya fitowa da ƙafarsa.

Silifat ta sake zuwa. Da ta ga fuskata ba ta ko kwance kayanta ba. Ta zauna bakin gadona ta ba ni labarin yayarta, uwa ɗaya uba ɗaya, da ta rasu a Funtuwa. Ta ce haka ta fara, ƙafa, sai fuska, sai kai, kowa na cewa ƙiba ce ta masu ciki. Wata rana tana tuya sai ta faɗi tana jijjiga tana taune harshe, kafin a sami mota ta tafi, da ita da abin da ke cikinta. Ta ce jini ne ke hawa, ba a ganinsa da ido, sai an auna. Tana faɗa tana hawaye. Matar Yaya ta ji, ta kai masa. Yanzu ya ce kada Silifat ta ƙara taka gidan nan, wai tana tsorata masu ciki da mugun baki. Ta katangar da ta zube muke gaisawa, ta nan zan miƙa mata wannan takarda.

Abin da ya fi damuna ban gaya wa kowa ba sai kai. Motsin ya ragu. Da har tashe ni yake daga barci, yanzu sai in yi ta sauraro, in dafa, in yi ta jira. In ya motsa sai in ce alhamdu lillahi, in kuma fara jiran na gaba.

Don girman Allah ka rubuto. Kada ka tsaya dogon bayani. Ka ce “a kai ta,” ka sa hannu.

Taka har kullum,
Sabuwa.

Dayi,
15 ga Satumba, 1965.

Maigida,

Ina gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna ba ya riƙe fensir sosai, layukan kuma rawa suke mini.

Abin da Silifat ta faɗa ya faru. Ran Lahadi da hantsi ina zaune gindin murhu ina kaɗa miya, yarinya tana gefena tana wasa da kara. Na ji kaina ya sara, na ga haske. Ban san sauran ba. Na farka a tsakar gida, kaina bisa cinyar Inna, bakina cike da jini, na tauna harshena. Zanena ya kama wuta a gefe, matar Yaya ce ta kashe da ruwan tulu. Allah ya kiyaye, ƙunar kaɗan ce, a cinya.

Yarinyar ta ga komai. Tun ranar ba ta yarda ta zo kusa da ni. In na miƙa mata hannu sai ta ɓuya bayan Inna ta leƙo. Wannan ya fi mini ƙunar ciwo.

An ce iska ce ta buge ni. An yi hayaƙi, an yi tofi. Yaya Bature ya rame a kwanakin nan, na ji shi ta bayan zana yana cewa Inna in wani abu ya same ni da wane ido zai dube ka. Inna ta ce masa, “To, a kai ta mana.” Ya ce in ya kai ni na mutu a can a hannun baƙi, ba da yawunka ba, shi ne ya kashe ni. In kuwa a ɗakina ne, kwana ne ya ƙare. Har ya rantse, in na fita ba da izininka ba, ba zai karɓe ni a gidan nan ba sai ka dawo ka yanke hukunci da kanka.

Kullum Latif yana tare Jibo a bakin hanya ya tambaye shi ko akwai takarda. Babu. Ban sani ba ko ruwa ne ya ɓata hanyoyinku, ko an canza muku wurin aiki, ko ba ka da lafiya ne. Ba na so in yi tunanin ka gani ka yi shiru.

Ga abin da na yanke, ina gaya maka don kada ka ji a bakin wani. Ran kasuwa mai zuwa motar Jibo za ta koma Malumfashi da rana. In amsarka ta zo kafin nan, falillahil hamdu. In ba ta zo ba, zan shiga motar. Tun da na zo gidanku ban taɓa tsallake zaure ba sai da saninka, ko gaisuwar mutuwa ce. Na san abin da ake faɗa a kan matar da ta yi haka, a duniya da lahira. Na kwana ina juya shi. Amma ba ni kaɗai ba ce a jikin nan. Jiya da la'asar ya motsa sau ɗaya, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jin kunya.

In Allah ya yi ba mu sake ganawa ba, ka yafe mini, ni ma na yafe maka duniya da lahira. Ka bar yarinyar a hannun Inna, ta fi sabawa da ita. In ta isa ka koya mata rubutu yadda ka koya mini. Kada kuma ka riƙe Yaya a zuciya.

Wassalam.
Sabuwa.

Asibitin Malumfashi,
24 ga Satumba, 1965.

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa mai tarin yawa da begen ganinka. Ina fatan kana lafiya. Ka ga inda na rubuto, ka san na aikata abin da na ce.

Ran kasuwar na tashi na ga Inna ta riga ta ƙulle mini kaya, zannuwa biyu, da kwano, da atamfarka. Ba mu yi maganar ba ko sau ɗaya, ni da ita. Ta dama mini koko, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Da aka yi azahar Silifat ta yi gyaran murya ta bayan zana, alamar mota ta shirya. Inna ta kama hannuna muka nufi zaure.

Yaya Bature yana zaune a ciki yana gyaran lauje. Ka san tsakanina da shi ba ma haɗa ido. Na durƙusa da ƙyar na gaishe shi, bai amsa ba. Inna ya duba. Ya ce, “Inna, ki gaya mata rantsuwata tana nan.” Inna ta ce, “Ta ji. Janye ƙafarka ta wuce.” Ya ce, “In ya dawo me zan ce masa?” Sai ta kira sunanka, ta ce, “Ka ce masa uwarsa ce ta buɗe ƙofa. Ni na haife shi, ni na haife ka.” Ya daɗe yana kallon laujen. Sannan ya janye ƙafarsa. Da na wuce na ji yana faɗin Allah ya sawwaƙe, can ƙasa-ƙasa, ban sani ba ko da ni yake.

Yarinyar tana gidan maƙwabta, da gangan Inna ta aika ta. Ban yi sallama da ita ba.

Jibo ya sauke wani fasinja daga gaba ya sa ni, Silifat ta zauna kusa da ni ta bar shagon da kasuwa tana ci. Hanyar duk ta zaizaye. Kowane rami sai in ji kamar kaina zai rabe biyu. Wajen wata gada tartsatsin nan ya dawo, na ce wa Silifat ga shi nan zuwa. Ta naɗe gefen gyalenta ta tura mini tsakanin haƙora, ta rungume ni tana ta salati. Ban faɗi ba. Jibo bai tsaya ɗaukar kowa ba har ƙofar asibiti.

Wadda ta karɓe ni wata ungozomar asibiti ce, sunanta Gertrude, mutuniyar Kudu, doguwa, mai faɗa. Ta naɗa mini wani ƙyalle a dantse ta yi ta hura shi har ya matse ni, tana duban wani abu kamar agogo. Ta sake yi. Sai ta dubi Silifat ta ce, “Da ƙafarta ta shigo?” Ta karɓi fitsarina a 'yar kwalba ta ɗora bisa wuta, ina kallo ya yi fari ya kama kamar kindirmo. Ta ce alama ce ciwon ya taɓa ƙoda. Ta yi mini faɗa sosai, wai ina nake tun watan jiya. Me zan ce? Daga baya ta kawo wani ɗan ƙaho ta kafa a cikina ta sa kunne. Maigida, ban taɓa jin lokaci ya yi tsawo haka ba. Ta matsa nan, ta matsa can. Sannan ta ɗago ta ce, “Yana nan. Zuciyarsa tana bugawa, amma ya gaji.” Sai a lokacin na fashe da kuka.

Likitan namiji ne, ba zan ɓoye maka ba. Amma bai taɓa zuwa kaina ba sai Gertrude tana tsaye, kuma a lulluɓe nake. An kwantar da ni a wani ɗan ɗaki an rufe tagogi, an ce haske da hayaniya suna tayar da jijjigar. Ana yi mini allura mai sa barci. An hana ni gishiri da kanwa, abincin salam kamar na mai takaba. A ɓoye nake wannan rubutu, in ta gani za ta ƙwace fensirin.

Ashe ba ni kaɗai ba ce. Kafin a ware ni na kwana cikin mata. Akwai wata Bafulatana daga wajen Bakori, zazzaɓi ya shanye mata jini, tafin hannunta fari fat kamar takardar nan, numfashi da ƙyar. Akwai wadda jini ya ɓalle mata cikin wata bakwai, aka wuce da ita Zariya. Akwai wadda amai ya hana ta riƙe ko ruwa. Wata kuma an kawo ta da irin nawa, amma tana jijjiga aka shigo da ita, ba ta farfaɗo ba. Gadonta yana kallon nawa. Da safe na ga an naɗe tabarmarta.

Kumburin fuskar ya ɗan sauka, amma jinin ya ƙi sauka yadda suke so. Jiya likita ya ce maganin ciwon nan ɗaya ne, a raba ni da cikin. In bai sauka ba nan da 'yan kwanaki za su tayar da naƙuda, ko da yake watan bai cika ba. Na tambayi Gertrude ko zai rayu. Ta ce ita ba Allah ba ce. Ta gyara mini matashi, ta ce ta ga waɗanda suka fi shi ƙanƙanta sun rayu.

Ina jin tsoro ƙwarai. Ka yi mana addu'a, ko kana fushi da ni.

Taka,
Sabuwa.

Asibitin Malumfashi,
13 ga Oktoba, 1965.

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina yi maka albishir. Allah ya sauke ni ran Asabar, biyu ga wata. Namiji ne. Yana da rai, ni ma ina da rai.

Ban san yawancin abin da ya faru ba. Sun fasa ruwan da safe, naƙuda ta kama, jijjigar ta sake buge ni ana tsakiya. Inna ce ta ba ni labari, don tun kafin ranar ta zo ta tare a barandar asibiti da tabarmarta, ta bar yarinya wurin matar Yaya. Ta ce da ya faɗo bai yi kuka ba, shuɗi ne, Gertrude ta yi ta murza shi tana hura masa iska, tana yi masa faɗa da yarensu, har ya yi wani ɗan ƙara kamar na mage. Ni kuwa sai washegari na san inda nake. Da na buɗe ido ban ga komai ba sai hazo. Na ce shi ke nan, na makance ban ga ɗana ba. Inna ta ɗora mini shi a ƙirji, na shafa shi da hannu, kansa bai fi lemo ba. A hankali ganin ya riƙa dawowa. Yanzu ina ganin fuskarsa sarai. Goshinka ne, da kunnuwan Inna.

Ƙarami ne ƙwarai. An naɗe shi da auduga, an jera masa kwalaben ruwan ɗumi a gefe. Da farko ba ya iya kama nono, sai in tatsa a ba shi da ɗan cokali. Shekaranjiya ya kama da kansa. Ya ja kaɗan ya gaji ya yi barci. Har yanzu in ya yi shiru da yawa sai in kai yatsa hancinsa. Ba su ce ya tsallake ba, sun dai ce yana ƙoƙari.

Amsarka ta zo. Silifat ta kawo mini ita nan. Na ga amsar takardata ta farko ce, ta yi wata tana yawo a hanya. Ka ce kumburin ƙafa ba baƙon abu ba ne ga mace, in ci gaba da shan maganin Inna, in bar zancen asibiti har ka zo. Na karanta ta yaron yana kwance a cinyata. Ban ji haushinka ba, Allah ya sani. Ƙafa kawai na gaya maka a lokacin, ba ka ga sauran ba. Amma na daɗe ina kallon takardar, ina tuna cewa ita ce na zauna ina jira.

Ranar suna ta zo ta wuce, ba a raɗa masa ba. Yaya Bature ya ce ba zai sa wa yaro suna ba ubansa bai san ma an fita da uwarsa ba. Bai zo ba, bai aiko ba. Sai dai Inna ta ce tun da labari ya isa gida ya shiga faskare, ya tara itacen wankan jego a bayan ɗakina har ya kai tsayin zana. Matan ɗakin nan Ɗanasabe suke kiran yaron, har Gertrude ta kama. Sunan gaskiya yana jiranka. Ka aiko da shi, ko ka kawo shi da bakinka.

In sun sallame mu, Bakori zan wuce gidan Baba. Ba yaji na yi ba. Rantsuwar Yaya tana nan, ba zan sa shi kaffara ba, ba kuma zan tsaya a ƙofar gida da jariri ina roƙo ba. Inna ta ce za ta kawo mini yarinyar can. An ce ta fara tambaya ina na tafi. In ka dawo ka same ni a Bakori mu yi magana. In ka ga na yi laifin da ba ka iya ɗauka, hukunci naka ne, zan karɓa. Amma ba zan ce maka na yi nadama ba, don ƙarya zan yi, ga shi kuwa yana numfashi a gefena.

Saura abu ɗaya. Likita ya ce jinina bai gama sauka ba. Ya hana ni kunun kanwa sam, ya ce wankan ma da ruwa mai ɗumi kawai, ban da kwanciya bisa gadon wuta, in ba haka ba zuciyata za ta kumbura. Da Inna ta ji sai da ta riƙe baki, ta ce ba ta taɓa jin mai jego ba kanwa ba. Na san a Bakori ma haka za su ce, za a yi ta kai ruwa rana da gwaggonnina. An kuma ce in riƙa dawowa nan ana auna ni, ni da yaron, har sai sun ce ya isa. Zan bar kanwar, kuma zan riƙa zuwa. Wannan karon ba izini nake nema ba, Maigida, sanar da kai nake yi.

Ya farka, yana neman nono. Ka gaida abokan aikinka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce matarka,
Sabuwa.